Gamin Zinariya da Azurfa a Cikin Ruwa

Maƙera da wuta su ke gama zinariya da azurfa. Masana kimiyya kuwa a cikin ruwa su ke yi. A kan narkar da gishirin zinariya da na azurfa tare, a tafasa, sa'an nan a zuba sitiret, watau gishirin tsamin lemo. Turkevich da abokan aikinsa suka bayyana wannan hanya a 1951, domin zinariya zalla. Ƙwayoyin da ke fitowa da nanomita a ke auna su, shi kuwa nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Ruwan ƙwayoyin zinariya ja ne, na azurfa rawaya. In an yi su dabam dabam aka zuba wuri guda, na'urar awon haske ta kan nuna zango biyu da ruwan ke shanyewa, wajen nanomita 520 da 400. In kuwa ƙarfen biyu sun cuɗu a cikin kowace ƙwaya, zango ɗaya ne tak, a tsakani, ya na matsawa gwargwadon yawan zinariyar. Saboda haka malamin da ya kira na farkon "gami" ya ɓad da ɗalibansa: wannan gauraye ne, na biyun shi ne gami.