Sandar Girma: abin da ya faru a Kano, da darasinsa ga masu saurare a Damargu

Daga kasuwar Tanut har rugagen Belbeji, radiyo ita ce jaridar talaka. Makiyayi na rataye ta a kafaɗa, manomi na ajiye ta a gefen gona. Saboda haka mai gabatar da shiri mai kaifin baki, wanda ke tsokanar manya yana sa mutane dariya, yakan samu farin jini fiye da wani ɗan majalisa. To amma ina iyakarsa? Wani lamari da ya auku a Kano a shekara ta 2013 ya isa a tsaya a kansa.

Wane shiri ne?

Sandar Girma shiri ne na Hausa a gidan radiyon Wazobia FM na Kano, wanda Yakubu Musa Fagge ke gabatarwa a wancan lokaci. An san shi da caccakar masu mulki ba sani ba sabo, abin da ya jawo masa masu saurare da yawa. Ranar Laraba 6 ga watan Fabarairu na 2013, shirin ya taɓo allurar rigakafin shan inna. Ya yi magana a kan tilasta wa iyaye su bari a ɗiga wa ƴaƴansu maganin, ya kuma sake tado tsohon zargin nan da ake yi wa rigakafin.

Kwana biyu bayan haka, da safiyar Juma'a 8 ga wata, ƴan bindiga suka kai hari a cibiyoyin lafiya biyu na birnin, suka kashe ma'aikatan rigakafi tara. Zargi ya karkata ga Boko Haram. Sai dai ƴan sanda, ƙarƙashin kwamishina Ibrahim Idris, sun ce shirin ya tunzura jama'a. Aka kama Fagge da abokin aikinsa Mubarak Sani, da malami Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon shugaban hukumar tace fina-finai ta Kano. Aka gurfanar da su gaban kotu bisa tuhumar haɗa baki da tada hankalin jama'a, daga baya aka ba da belinsu. Kafin watan ya ƙare, hukumar NBC mai kula da gidajen radiyo da talabijin a Najeriya ta dakatar da lasisin tashar.

Me ya sa maganar ta yi nauyi haka?

Domin a kan gyambo ta faɗa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara 11 suka rasu cikin kimanin 200 da gwajin ya shafa, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tsayar da rigakafin shan inna, bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, ba a koma ba sai tsakiyar 2004. A wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, mu ma nan Nijar ba mu tsira ba. Ke nan tsoron iyaye yana da tushe a tarihi, ko da yake bincike bai gano abin da ake zargi a cikin maganin ba. Sai ranar 25 ga Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Ra'ayi ya rabu biyu. Ƙungiyoyin kare ƴan jarida sun ce hukuma ta kasa kama masu bindiga, ta huce a kan masu makirfo, kuma tambaya a kan tilas aikin ɗan jarida ne. Ma'aikatan lafiya kuwa sun ce matan da ke shiga gida-gida ba su da mai gadi, duk kalmar da ta nuna su a matsayin ƴan koren maƙiya tana jefa ransu cikin haɗari. Kowane ɓangare na da tasa gaskiya.

Ba a Kano kaɗai ba

A Amurka, Don Imus ya yi shekaru yana cin abinci da baƙar magana, har a watan Afirilu na 2007 CBS ta sallame shi saboda cin mutuncin ƴan wasan ƙwallon kwando mata na jami'ar Rutgers. A Ruwanda kuwa, tashar RTLM ta soma da kiɗa da barkwanci, ta ƙare da kiran sunayen waɗanda za a kashe a 1994. Kotun duniya ta Arusha ta ɗaure mai gabatarwa Georges Ruggiu shekara 12. Lamarin Kano bai kai kusa da wannan ba, amma sila ɗaya ce: zafin baki ke kawo masu saurare, masu saurare ke kawo talla, sai mai tasha ya kau da kai.

Mu fa a nan gida?

Dokar 4 ga Yuni na 2010 ta cire ɗauri a gidan kaso kan laifukan aikin jarida. Amma a watan Yuni na 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka maido da ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waɗannan kafofi. Yau kuwa da wuya shiri ya tsaya a radiyo: ana yanko shi, a tura a WhatsApp.

A Damargu, inda gona da burtali ke gogayya, lokacin haɗari shi ne kaka, sa'ad da dabbobi ke gangarowa daga arewa, hatsi kuma bai gama shiga rumbu ba. Mai kiran waya ɗaya ya ce shanun wasu sun cinye gonar wane, a sake shi ba tantancewa, ya isa a zaro takobi. Don haka mai saurare ya lura da abu uku: an faɗi inda labarin ya fito? An ba wanda ake zargi dama ya yi magana? Aikin mai mulki ake suka, ko ƙabila guda ake nunawa da yatsa? Magana zarar bunu ce, kuma wadda ta fita ta makirfo garuruwa take ratsawa kafin a yi tunanin gyara ta.