Dalilin da ya sa masana'antun Kano ke komawa bayan gari

Wanda ya shigo Kano ta hanyar Haɗeja, tun daga Gunduwawa da Tokarawa zai fara ganin dogayen katangu da manyan rumbuna, ga tireloli jere a bakin titi ɗauke da shinkafa shanshera suna jiran layin saukewa. Da wuya ya ga ofishin lauya ko na inshora a wannan tsakanin. Waɗannan sai ya kutsa cikin gari, wajajen titin Murtala Muhammad da Bank Road, inda ko wurin ajiye mota wahalar samu yake. Abin da ya raba musu mazauni shi ne kuɗin fili da irin abin da kowannensu yake nema a wurin.

Mai masana'anta fili yake so mai faɗi: wurin shimfiɗa injina, da rumbun ajiya, da inda tirela za ta juya. In ya ce a tsakiyar gari zai saya, jarinsa ya ƙare tun bai kafa inji ko ɗaya ba. Shi kuwa banki ɗan fuloti ya ishe shi, amma dole ya kasance inda ƙafar jama'a take. Don haka wanda ke fitar da riba mai yawa daga ɗan ƙaramin wuri shi ke iya biyan hayar tsakiya, sauran su ja baya gwargwadon ƙarfinsu. Wani masanin Amurka, William Alonso, ya tsara wannan bayani a littafinsa na 1964, amma duk dillalin filaye a Kano ya san shi a aikace.

Da can ba haka garin yake ba. Lokacin da kaya ke tafiya a ka ko a bayan jaki, marina da majema da maƙera da dukawa duk a cikin ganuwa suke, ba nisa da kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Marinar Ƙofar Mata na nan har yau. Jirgin ƙasa da ya iso a 1911 shi ya juya fuskar kasuwancin Kano zuwa gabas, wajen ganuwa. Kamfanonin Turawa da kantunan Kwarori suka jeru kusa da tasha, dalar gyaɗa ta tashi a gefen layin dogo, daga baya aka keɓe Bompai domin masana'antu: matsar man gyaɗa, saƙa, sabulu, alewa. Da Bompai ta cika aka buɗe Sharaɗa, sannan Challawa, inda kamfanonin jima suka fi yawa, domin jimar fata aiki ne mai shan ruwa ƙwarai. A lokacin da aka yanka waɗannan wurare, gonaki ne kewaye da su.

Akwai kuma abin da kuɗin fili kaɗai bai bayyana ba, wato yadda masu sana'a iri ɗaya ke cunkushewa wuri guda. Mai atamfa a Kantin Kwari yana maƙwabtaka da ɗaruruwan masu sayar da irin kayansa, kuma ko kyauta aka ba shi shago a wata unguwa ba zai tashi ba. Haka 'yan Singa da kayan masarufi, 'yan Farm Centre da wayoyi, 'yan Ƙofar Ruwa da kayan gyaran mota. Dalilin a fili yake: ɗan kasuwar da ya taso daga Damagaram ko Njamena yana son ya sauka wuri ɗaya, ya taya nan ya taya can, ya ɗaure kayansa ya juya. Inda mai saye ya san zai sami zaɓi, can zai nufa. A gefen kowace irin wannan kasuwa kuma sai masu hidima su taru, 'yan dako da 'yan kamasho da masu motocin lodi da rassan bankuna. 'Yan canji na Wapa a Fagge ma sun yi kaka-gida kusa da Kwari da masaukan baƙin 'yan kasuwa. An yi zaton waya da intanet za su watsa wannan taro, sai ga shi kuɗi na tafiya ta waya, amma bashin kaya da amana har yanzu sai an ga ido.

Inda abin yake da ciwo shi ne gari ba ya tsayawa inda aka bar shi. Yau Dakata da Kawaji sun rufe Bompai, Ja'en da maƙwabtanta sun manne da Sharaɗa. Lebura ba shi da kuɗin mota biyu kullum, dole ya nemi ɗaki kusa da wurin aiki. Mai gona kuma ya ga farashi ya tashi, ya yanka ta awon igiya ya sayar, ba titi ba magudanar ruwa. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai, kuma a bakin wannan ruwa ake noman rani na latas da alayyafo da ke shigowa kasuwanninmu. Na Sharaɗa da Challawa kuwa kogin Challawa yake nufa. Wasu masana'antun da rashin wuta da kwararar kayan waje suka durƙusar sun koma rumbunan ajiyar kayan da aka shigo da su, sabbin kuma sun yi gaba zuwa hanyar Haɗeja da ta Zariya, inda unguwanni suka riga suka fara bin su.

A ganina ba talakan da ya gina ɗaki a jikin katangar kamfani ne mai laifi ba, ba kuma mai kamfanin da ya riga shi zuwa ba. Gazawar ta tsari ce. Kano ta taɓa samun babban tsarin birni na shekara 20, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare tun tuni, garin kuwa ya bazu cikin ƙananan hukumomi 8 yana neman wuce su.

Yanzu wata dama ta sake zuwa, domin abubuwan da ke jan masana'antu suna sake zama. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023. Ana shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, ana kuma gina layin dogo zuwa Maraɗi. An riga an mayar da dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa Ɗangwauro a hanyar Zariya. Duk inda gas da layin dogo da babban titi suka haɗu, nan masu jari za su nemi fili, kuma dillalai sun riga kowa sani.

Ya kamata gwamnatin jiha da hukumar tsara birane ta KNUPDA su keɓe waɗannan wurare tun suna gonaki, a biya manoma diyyar da ta dace, a ja wuta da ruwa da titi kafin a kira kowa, a gina matatar dagwalo ta haɗin gwiwa, a bar tazara tsakanin katangar kamfani da gidan farko, a kuma tanadi unguwar ma'aikata mai tsari a kusa. Masu unguwanni da dagatan Kumbotso da Dawakin Kudu da Gezawa, waɗanda a gabansu ake cinikin gonakin nan, su ma a sa su cikin shawarar tun daga farko.