Ciwo Ɗaya, Suna Biyu: Wahalar Da Likitocin Taɓin Hankali Ke Sha

In zazzaɓi ya kama mutum, likita yakan ɗebi jininsa ya duba, ya ce cizon sauro ne ko kuwa wani abu dabam. To, amma ciwon taɓin hankali ba haka yake ba. Har wa yau babu wani awon jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai tabbatar da yawancin irinsa. Abin da likita ya dogara a kai shi ne maganar majinyaci, da halinsa, da labarin da danginsa suka bayar. A nan gizo ke saƙa.

A shekarun 1960 wasu masana suka lura cewa asibitocin Niyok a Amurka suna yawan rubuta wa majinyata sikizofiriniya, watau ciwon da kan sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin ana binsa da sharri, fiye da asibitocin Landan nesa ba kusa ba. Sai aka kafa ayarin likitoci, suka yi wa majinyatan biranen biyu tambayoyi iri ɗaya. Sakamakon da aka buga a 1972 ya nuna bambancin yana wurin likitocin ne. Majinyata da yawa da aka kira masu sikizofiriniya a Niyok, da a Landan suke da an ce ciwon baƙin ciki ne, ko kuwa ciwon nan da mutum kan yi ta zumuɗi da surutu ba barci, daga baya ya yi lakwas.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce, gama suna shi ke jawo magani. Mai ciwon zumuɗin nan yakan sami sauƙi da maganin litiyam, in kuwa aka sa masa wani suna, sai ya shekara yana shan abin da ba nasa ba.

Nijeriya ma ta shiga maganar. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a ƙasashe 9, Ibadan na cikin cibiyoyin, aka fitar da rahoto a 1973. An sami ciwon ko'ina, amma likitocin Masko da na Washinton sun fi saura faɗaɗa ma'anarsa.

Saboda irin wannan ruɗani, a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sake littafinta na sunayen cututtuka, ta jera wa kowane ciwo alamominsa. Alal misali, ba a kiran sikizofiriniya sai ciwon ya kai wata 6. An sami daidaito ƙwarai, ko da yake likitoci biyu su yarda da suna ɗaya bai nuna sun gano asalin ciwon ba.

Likitan da ke aiki a ƙasar Hausa kuma yana da ƙarin nauyi. Kalmar hauka ta haɗiye cututtuka barkatai, mai baƙin ciki kuwa sau da yawa ciwon kai ko nauyin ƙirji zai kawo ƙara, bayan dangi sun riga sun ce iska ce ko sammu.