Kafin Mu Sayi Hannun Jarin Banki

Idan aka girbe shinkafa a Shanga, aka sayar da albasa a kasuwar Yelwa, masunta na Wara kuma suka kai busasshen kifinsu, kuɗi kan ɗan taru a hannunmu. A irin wannan lokaci ne wani zai zo da takarda ya ce mu sayi hannun jarin banki, wai banki ba ya faɗuwa. To 'yan'uwa, bari mu duba yadda banki yake cin abincinsa tukuna.

Banki ba ya noma, ba ya su. Hajarsa kuɗin mutane ne. Yana karɓar ajiyarmu ya ba mu ɗan kuɗin ruwa, sa'an nan ya ranta wa manyan 'yan kasuwa da gwamnati da ruwa mai yawa. Abin da ke tsakani shi ne ribarsa, haɗe da 'yan kuɗaɗen nan da ake yanka mana duk wata ba sallama.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce cikin kowace Naira 100 da banki ya rantar, Naira 10 ce kawai ta masu hannun jari, sauran ta masu ajiya ce. In masu bashin Naira 10 suka kāsa biya, jarin masu banki ya ƙare ke nan, ko da ginin yana ta ƙyalli. Saboda haka kada farashi ya ruɗe mu. Hannu ɗaya na Naira 30 da ke samo ribar Naira 6 a shekara ya fi na Naira 3 da bai samo komai ba araha. Mu tambayi nawa aka raba wa masu jari bara, kuma bashi nawa ne ya maƙale.

Mun ga haka da idonmu. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga jarin bankuna daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, bankuna 89 suka koma 25. Jama'a suka yi rububin sayen hannun jari, wasu har da kuɗin rance. A 2008 kasuwa ta rushe. A watan Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna 5 a rana ɗaya, a 2011 kuma aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu, masu hannun jari suka tashi da takarda.

A watan Maris 2024 an sāke ɗaga jarin, manyan bankuna aka ce su kawo Naira miliyan dubu 500, shi ya sa tallar ta dawo. A watan Yuni na shekarar aka janye lasisin Heritage Bank. Hukumar NDIC ta ɗauki biyan kowane mai ajiya har Naira miliyan 5. Mai hannun jari kuwa sai an sayar da kadarori, an sallami masu ajiya da masu bin bashi, in akwai saura a kira shi.