Maradi: Labarai sun koma waya, akwatin rediyo ya rage aiki

Shekaru da dama, magidanci a Tibiri ko manomin rani a Jiratawa batir kawai yake saye ya ji labaran duniya da Hausa, ko dai a gajeren zango ko ta tashoshin FM na Maradi da ke karɓo shirye-shiryen kafofin waje. Yanzu lamarin ya sauya.

A watan Agustan 2023 hukumomin Nijar suka dakatar da RFI, a Disambar 2024 kuma suka dakatar da BBC na wata uku. A Maris ɗin 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru bayan umarnin Shugaba Trump. Dama can manyan kafofin sun daɗe suna karkata zuwa Facebook da YouTube da shafukansu na intanet.

Matsalar ita ce tsohon akwati ba ya kama intanet. Sauraro ta waya na buƙatar babbar waya da data da caji, kuma kowane minti kuɗi yake ci, alhali iskar rediyo kyauta ce. Matasan birni sun samu dabara, suna haɗa waya da lasifika ta Bluetooth ko ta igiya, wasu kuma 'yan uwa da ke ƙetare ke turo musu shirye-shirye ta WhatsApp.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne dattawa da matan karkara marasa babbar waya. Tashoshin gida irin su Anfani da Muryar Sahel su ne abin dogaronsu a yau.