Gasasshen Nama a Filin Jirgin Sama: Abin Ci da Abin Tsaraba

Tun zamanin fatauci, gasasshen nama yana bin matafiyi duk inda ya yada zango, daga kasuwannin ayari zuwa tashoshin mota da na jirgin ƙasa. Da zirga-zirgar jiragen sama ta kankama, wadda a Kano ta fara da saukar jirage na farko a 1925, sai wannan ciniki ya samu sabuwar kasuwa, har ya zama a yau da wuya mutum ya ratsa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja bai ga inda ake sayar da nama ba.

Nau'o'i uku ne suka fi shahara, kuma kowanne da yadda yake jure wa tafiya. Tsire shi ne naman da ake yanyankawa a soke a tsinke, a barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a jera a gefen tukuba, wato tudun tokar da ake hura wuta a tsakiyarsa. Balangu kuwa manyan yanka ne da ake gasawa a kan waya, sai mai saye ya zo a daddatsa masa da albasa. Kilishi ya bambanta da su, domin ana feɗe naman ne ya yi falan-falan, a shanya ya bushe, a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta kaɗan.

Daɗin tsire da balangu yana tare da zafin wuta, alhali ginin filin jirgi wuri ne da ake tsananta dokokin kiyaye gobara da hayaƙi, saboda haka sau da yawa akan gasa naman a wani wuri, a kawo shi a riƙa ɗumamawa. A nan ne ya kamata matafiyi ya lura, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci fiye da awa 2 a sarari, kuma a riƙe shi da zafin da ya wuce digiri 60 kafin a ci. Ɓacin ciki a gida abu ne mai sauƙi, amma ga wanda zai yi awa shida a sararin sama babbar wahala ce. Tsadar naman filin jirgi da ake kuka da ita ma tana da dalili, tunda kuɗin hayar shago a irin waɗannan wurare yana da yawa, kuma mai saye ba shi da wata rumfar da zai koma.

Kilishi shi ne ya dace da tafiya, domin bushewarsa ta raba shi da ruwan da ƙwayoyin cuta ke buƙata, har yakan yi watanni bai lalace ba. Shi ya sa na unguwar Agadasawa a Kano da na Madawa da Tasawa a Nijar suka zama tsarabar da ake alfahari da ita. Sai dai tsarabar tana da iyaka, domin Tarayyar Turai da Birtaniya sun hana matafiyi shigo da nama daga ƙasashen Afirka, ko da busasshe ne, Amurka kuma tana buƙatar a bayyana duk abincin da aka ɗauko, tana cin tarar wanda ya ɓoye. Tsoron cututtukan dabbobi ne ya jawo haka, musamman bayan annobar cutar baki da kofato ta 2001 a Birtaniya, wadda ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6.

Wanda ya sauka a wata ƙasa kuma yana da wani abin kiyayewa. A Amurka, alal misali, gasasshen naman da aka san birnin Memfis da shi galibi na alade ne, na jihar Tekzas kuma ya fi karkata ga naman sa, don haka wajibi ne Musulmi ya tambayi irin naman da yadda aka yanka shi kafin ya miƙa kuɗinsa.

Ya kamata matafiyi ya ci tsire da balangu a inda ya ga suna tururi, ya riƙe kilishi don tafiyar cikin gida, sannan ya binciki dokar ƙasar da zai sauka kafin ya sa shi a jaka. Su kuma hukumomin filayen jiragen sama, haƙƙi ne a kansu su tanadar wa mahauta wuri mai tsabta da haya mai sauƙi, domin wannan sana'a tana cikin abubuwan da baƙo ke fara sanin ƙasar Hausa da su.