Wane Suna Ya Dace da Mai Saɓa Alkawari?

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallah na je karɓar ɗinki, sai na tarar da wani saurayi yana zazzaga wa telanmu masifa. Shaddarsa tana nan a ƙunshe yadda ya kawo ta tun farkon azumi, ko almakashi bai taɓa ta ba. Babu sunan da bai jefe shi da shi ba: maƙaryaci, mayaudari, maci amana, ya rufe da munafuki. Wani dattijo da ke kan benci yana jiran nasa ɗinkin ya ƙyale shi har ya numfasa, sannan ya ce, "Ɗana, shaddar taka ta ɓata ne?" Ya ce, "A'a, Baba." "Ya sayar da ita?" "Bai sayar ba." Dattijon ya ce, "To, amanarka tana nan, bai ci ba. Alkawari ya saɓa maka. Kira shi da laifinsa."

Ni ma ranar ban samu rigata ba, amma na koma gida da abin tunani. Idan za a kira shi da laifinsa, to da wace kalma?

Hausa ba ta rowar suna ga mai hali. Mai ƙarya maƙaryaci ne, mai yaudara mayaudari, mai zamba mazambaci, mai ha'inci maha'inci, mai cuta macuci. Amma da an zo kan alkawari sai bakin ya tsaya. Ba mu da kalma guda da muka saba da ita, sai dai mu ce "mai saɓa alkawari" ko "marar alkawari". Mutumin da ransa ya ɓaci kuwa ba ya son doguwar magana, abin da zai yi zafi yake nema. Shi ya sa yake tsallake laifin da aka yi masa ya ɗauko sunan wani laifin da ya fi shi girma.

Ita kanta kalmar alkawari, wadda wasu ke furtawa alƙawari, wasu kuma alkawali, aro ce daga Larabci, daga kalmar da ke nufin magana ko faɗa. Wato a wurin Bahaushe maganarka ita ce alkawarinka, ko ba ka ɗaga hannu ka rantse ba. Kalmar da Larabawa suka fi amfani da ita a wannan ma'ana mun are ta ita ma, sai dai mun ba ta wani aikin. Ita ce wa'adi, wadda a bakinmu ta koma nufin lokacin da aka ɗiba: wa'adin biyan bashi, wa'adin mulki, har da wa'adin da in ya cika sai a kai mutum makwancinsa.

Inda Hausa ta yi wadata shi ne wajen faɗin abin da aka yi wa alkawarin. Akan saɓa shi, akan karya shi, akan warware shi, akan fasa, akan kuma kasa cika shi, kuma ba ɗaya suke ba. Saɓawa 'yar uwar saɓani ce: ka bi ta nan, wanda kake nema ya bi ta can, magana da aiki ba su gamu ba. Karyawa ta fi ta ƙarfi, domin abu ba ya karyewa sai an sa masa hannu da gangan. Warwarewa ta yarjejeniya ce, abin da aka ƙulla tsakanin ɓangarori biyu, kamar sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira, wanda Ƙuraishawa suka warware da suka taimaki Banu Bakar a kan Khuza'a, har abin ya kai ga buɗe Makka a shekara ta 8. Fasawa kuwa sauya ra'ayi ne a fili, kamar wanda aka yi wa baiko ya aiko magabatansa suka ce a yi haƙuri. Da ciwo, amma ya fi a sa rana, a dafa abinci, ango ya sulale. Wanda ya kasa kuma, shi ma abin tausayi ne: manomi ya ce zai biya da kaka, fari ya cinye gonar.

Af, ga wani abin lura ga masu rubutu a waya. Tsakanin karya da ƙarya lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi, kuma yawancinmu ba ma sa ta. Ta haka wanda ya karya alkawari da wanda ya yi ƙarya suke zama abu ɗaya a ido, alhali ba lallai su zama ɗaya a aiki ba. Ƙarya tana kan abin da mutum ya san ba haka yake ba a lokacin da yake faɗa. Alkawari kuwa yana kan gobe, goben da ba a hannunsa take ba.

A nan ne mayaudari ya bambanta da sauran. Shi tun yana buɗe baki ya san ba zai yi ba. Alkawarin tarko ne, don ya karɓi kuɗinka, ko ƙuri'arka, ko zuciyar 'yarka. Abin da yake bayarwa shi muke kira romon baka, wanda ba ya cika ciki. Maci amana kuma sai an damƙa masa wani abu tukuna, dukiya ko sirri ko marayu ko kujera. Da telan nan ya yanka shaddar saurayin ya ɗinka wa wani, da sunan ya hau kansa daidai.

Munafuki ita ce kalmar da ta fi kowacce saurin fitowa, kuma ita ta fi haɗari. Masu faɗar ta suna da madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa alamomin munafuki guda uku, saɓa alkawari na cikinsu tare da ƙarya da cin amana. Sai dai alama daban, hukunci daban. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya nuna cewa mai waɗannan halaye ya yi kama da munafukai ne a ɗabi'a, ba a ce ya fita daga Musulunci ba. Imam Gazali kuma, inda ya yi magana kan cututtukan harshe a littafinsa Ihya'u, ya ɗora gargaɗin a kan wanda ya yi alkawari da niyyar saɓawa, ko ya saɓa babu uzuri. Ga shi kuma a Hausar yau da kullum munafuki ya fi nufin mai kai gulma, mai fuska biyu, mai haɗa mutane faɗa. Ke nan wanda ya kira tela munafuki saboda riga ya yi kuskure ta fuskar addini, ya kuma yi ta fuskar harshe.

Kada wani ya ɗauka ina nema wa masu saɓa alkawari mafita ne. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma Alƙur'ani a Suratul Isra'i, aya ta 34, ya bayyana cewa abin tambaya ne. Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu muke bi a ƙasar Hausa, sun ma fi wasu tsanantawa. Mafi yawan malaman fiƙihu suna ganin cika alkawarin kyauta abin so ne ƙwarai, amma alƙali ba ya tilasta shi. Sanannen ra'ayi a Malikiyya kuwa shi ne, idan alkawarinka ya sa mutum ya shiga wata hidima, to ya zama dole a kanka. Ka ce wa ƙaninka ya nemi aure kai za ka biya sadaki, ya je ya nema aka ba shi. Ko ka ce wa maƙwabcinka ya rushe ɗakinsa za ka ranta masa kuɗin gini, ya rushe. A nan ba ka da ikon cewa ka fasa, alƙali zai sa ka cika. Ma'aunin shi ne abin da maganarka ta jawo wa wani, ba nauyin da kai ka ɗauke ta da shi ba.

Idan an haɗa da rantsuwa, lamarin ya ƙara hawa. Wanda ya rantse da Allah zai yi abu bai yi ba, kaffara ta hau kansa kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Alwashi kuwa nasa daban ne. Uwar da ta sha alwashin zane ɗanta in ya dawo, ya dawo ta sa masa tuwo, babu mai kiran ta marar alkawari.

Masu mulki su ne suka fi ba mu aikin neman suna. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya ce soja za su miƙa mulki a 1976. Ranar 1 ga Oktoba 1974 ya fito ya ce wannan lokaci ba mai yiwuwa ba ne, kuma shekara ba ta zagayo ba aka kifar da shi, ranar 29 ga Yuli 1975, yana taro a Kampala. Janar Ibrahim Babangida ya sa 1990, ya ɗaga zuwa 1992, ya sake ɗagawa zuwa 1993, sannan ya soke zaɓen 12 ga Yuni. 'Yan Nijeriya ba su tsaya duba ƙamus ba, suka aro sunan ɗan ƙwallon Ajantina mai gwanintar yanka, suka kira shi Maradona. A Nijar kuma, Tandja Mamadou ya yi rantsuwa a kan tsarin mulkin da ya ƙayyade masa wa'adi biyu, da na biyun ya kusa cika sai ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009 don ƙarin shekara 3. Sunan da abin ya ci shi ne tazarce, kalmar da aka riga aka sani a Nijeriya tun zamanin Abacha. Soja suka sauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Talaka dai nasa bai wuce ya ce an yi amai an lashe, ko ya ce an daɗe ana gafara sa bai ga ƙaho ba.

Amma kafin mu gama da manya, mu dubi bakinmu. Umarni aka yi mana a Suratul Kahfi mu riƙa jingina abin da za mu yi gobe ga nufin Allah. Mu kuwa mun mai da "in sha Allahu" ƙofar gudu, har ta kai in ka gayyaci mutum ɗaurin aure ya amsa da ita sai ka sake tambaya, "Za ka zo dai ko?" Kunya ce ke jawo rabin wannan. Ba ma iya duban idon mutum mu ce ba za mu iya ba, sai mu ce "to", mu bar shi da jira. Telan nan ma abin da ya kayar da shi ke nan, haɗe da kwaɗayi. Ya san keke ɗaya da yara biyu ba za su ɗinke kayan unguwa guda a wata ɗaya ba, amma bai iya mayar da kowa ba.

To, wane suna zan ba shi? Da karo ɗaya ne, da na ce ya saɓa alkawari kawai, in faɗi aikin in bar mutumin. Amma Sallah uku ke nan a jere yana yi mini haka, don haka ya cancanci a kira shi marar alkawari, a gabansa ba a bayan idonsa ba. Iyayenmu suna da wadda ta fi wannan ciwo ko da yake babu ashar a cikinta, su ce wane mai magana biyu ne, ba dattijo ba ne. Munafuki kuwa ba zan kira shi ba, domin ban shiga zuciyarsa ba. Na karɓi rigata ranar huɗu ga Sallah, kuma shaddar babbar Sallah wani telan na kai wa.